Gaɓa, ƙarfafawa da ƙirar dogayen kalmomin Turanci

Dogayen kalmomin Turanci su ne kalmomin harshen Ingilishi masu gaɓoɓi da yawa, galibi daga huɗu zuwa sama, irin su university, responsibility da internationalization. Mafi yawansu ba gadon tsohon harshen ba ne: daga Latin, Girkanci da Faransanci aka aro su, ko kuma aka aro sassan da aka gina su da su. Masana tsarin sauti da na ƙirar kalma suna nazarin irin waɗannan kalmomi ta fuska uku, wato yadda ake raba su gaɓa-gaɓa, da gaɓar da murya ke ƙarfafawa, da kuma yadda ake haɗa saiwa da ɗafi a samar da su. Fuskokin nan uku a ɗaure suke da juna. Ɗafin da ke ƙarshen kalma shi ne yakan nuna inda ƙarfin murya zai sauka, inda ƙarfin ya sauka kuma shi ke nuna yadda za a furta sauran wasulan. A misalan da ke ƙasa an rubuta gaɓar da ake ƙarfafawa da manyan haruffa.

Tsarin gaɓa

Kowace gaɓa a Turanci tana da cibiya, wadda galibi wasali ce, baƙaƙe kuma suna iya zuwa kafinta ko bayanta. Harshen yana yarda baƙaƙe har uku su jeru a farkon gaɓa, kamar a street da split, har huɗu kuma a ƙarshenta, kamar a texts da sixths. Saboda haka yawan haruffa ba ya nuna yawan gaɓoɓi. Kalmar strengths tana da haruffa tara amma gaɓa ɗaya ce tak, alhali idea mai haruffa huɗu gaɓa uku gare ta. A wasu kalmomin ma baƙi ne ke zama cibiyar gaɓa, kamar l a ƙarshen bottle ko n a ƙarshen button.

Wannan ya sha bamban da Hausa, inda gaɓa ba ta wuce siga uku: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Shi ya sa kalmomin da Hausa ta aro daga Turanci sukan ƙara wasula don raba cunkoson baƙaƙe, kamar yadda brake ta koma birki, primary ta koma firamare.

Akwai kuma gaɓoɓin da ake rubutawa amma baki ke haɗiye su. Yawancin masu magana da harshen suna furta comfortable da vegetable da gaɓa uku maimakon huɗu, chocolate kuma da biyu. Gaɓar da ke ɓacewa kusan kullum ita ce mai rauni da ke bin mai ƙarfi.

Rarraba gaɓoɓi a furuci

Ƙidaya gaɓoɓin kalma bai cika yin wuya ba. Wahalar tana wajen sanin inda wata ta ƙare wata ta fara. Ƙa'idar da aka fi koyarwa ta ce a tura baƙaƙen da ke tsakanin wasula biyu zuwa farkon gaɓa ta gaba, muddin jerinsu zai iya fara kalma a Turanci. Don haka ake raba destroy a matsayin de-stroy, tunda akwai kalmomin da suka fara da str, amma atlas sai dai at-las, domin babu kalmar Turanci da ta fara da tl.

Ƙa'idar tana cin karo da kalmomi irin su happy da lemon. In aka bi ta, gaɓar farko za ta ƙare da gajeren wasali mai ƙarfi, abin da kalmar Turanci mai gaɓa ɗaya ba ta yi. Masana sun rabu a kan wannan. John Wells, wanda ya wallafa ƙamus ɗin furuci na Longman a 1990, yana jingina baƙin ga gaɓar da ta fi ƙarfi. Daniel Kahn kuwa, a kundin digirinsa na 1976, ya bayyana cewa baƙin na gaɓoɓin biyu ne a lokaci guda, yana rufe ta farko yana buɗe ta biyu. Sakamakon haka, ƙamus biyu ingantattu suna iya raba kalma ɗaya ta hanya biyu, kuma babu wanda za a ce ya yi kuskure a cikinsu.

Rarrabawa a rubutu

Yanke kalma a ƙarshen layi da ƙaramin jan layi al'ada ce ta masu ɗab'i, kuma ba dole ta dace da gaɓoɓin furuci ba. Ɗigon da ƙamus ɗin Merriam-Webster ke sakawa a tsakiyar kalmomin shigarwa yana nuna wuraren da aka yarda a yanke kalma ne a rubutu. Masu koyo da dama suna ɗaukarsa a matsayin iyakar gaɓa, kuma daga nan ruɗani yakan fara.

A al'adar Amurka an fi bin furuci, a ta Birtaniya kuma an fi bin asalin sassan kalma. Shi ya sa littattafan Amurka ke yanke knowledge a matsayin knowl-edge, tsofaffin littattafan Birtaniya kuma know-ledge. Duk da haka akwai abubuwan da ɓangarorin biyu suka yarda da su. Ba a barin harafi ɗaya tilo a ƙarshen layi ko a farkon na gaba. Ba a raba haruffa biyu masu wakiltar sauti ɗaya, irin su th, sh da ph, sai idan sun haɗu ne a mahaɗar sassa biyu kamar a hot-house da mis-hap. Ana yanka tsakanin tagwayen baƙaƙe idan ɗafi ne ya jawo ninkin, kamar run-ning, amma tell-ing tana riƙe nata biyun domin na saiwa ne. Editoci kuma suna guje wa yankan da zai ɓatar da mai karatu, kamar leg-end a madadin legend, wanda ke sa ido ya fara ganin kalmar da ke nufin ƙafa.

A 1983 Frank Liang ya kammala kundin digirinsa na uku a Jami'ar Stanford a kan yadda kwamfuta za ta yanke kalmomi da kanta. Hanyar tasa, wadda ta dogara da jerin gajerun tsare-tsaren haruffa guda 4,447, ita Donald Knuth ya saka a manhajar tsara rubutu ta TeX, kuma manhajoji da yawa suna amfani da ita har yanzu. Akwai inda ba ta iya yin komai: record idan suna ce ana yanke ta rec-ord, idan aikatau ce kuma re-cord, haruffan kuwa iri ɗaya ne.

Ƙarfafawa

A kowace kalmar Turanci mai gaɓa biyu ko fiye akwai gaɓa ɗaya da ta fi sauran fitowa. Akan ce ana ɗaga murya a kanta, amma gwaje-gwajen da Dennis Fry ya yi a 1955 da 1958 sun nuna cewa tsawon wasali da sauyin kaifin murya sun fi ƙarar sauti tasiri a kunnen mai sauraro. Abu na huɗu, wanda ya fi muhimmanci ga dogayen kalmomi, shi ne ingancin wasali. Gaɓa mai ƙarfi tana riƙe cikakken wasalinta, mai rauni kuwa wasalinta yakan dusashe ya koma wani gajeren sauti na tsakiyar baki da ake kira shwa, mai alamar ə. Wannan sauti shi ya fi kowane wasali yawan aukuwa a maganar Turanci, kuma ana iya rubuta shi da kowane harafin wasali. A banana, a ta tsakiya ce kaɗai ke da cikakken sautinta, ta farko da ta ƙarshe duk shwa ne.

Ƙarfafawa ba ɗaya take da karin sauti na Hausa ba. A Hausa kowace gaɓa tana da nata karin, sama ko ƙasa ko faɗau, kuma da shi ake bambanta kukan yaro da itacen kuka, ba tare da wasalin wata gaɓa ya dusashe ba. A Turanci gaɓa ɗaya ce ke ɗaukar nauyi, sauran su rusuna mata.

Doguwar kalma takan sami ƙarfafawa ta biyu, wadda ba ta kai ta farko ba. A uniVERsity babban ƙarfi yana kan ver, ƙaramin kuma yana kan u ta farko. Dalili shi ne Turanci ba ya son kalma ta fara da raunanan gaɓoɓi biyu a jere, don haka duk lokacin da babban ƙarfi ya faɗa a gaɓa ta uku ko bayanta, ɗaya daga cikin biyun farko takan sami ƙaramin ƙarfi. A ƙamus masu amfani da haruffan furuci na ƙasa da ƙasa ana nuna babban ƙarfi da ɗan tsayayyen layi a sama kafin gaɓar, ƙaramin kuma da irinsa a ƙasa.

Tushen tarihi

Rikitarwar ƙarfafawa a Turanci ta samo asali ne daga haɗuwar tsare-tsare biyu. Tsohon Turanci, kamar sauran harsunan dangin Jamusanci, yana ƙarfafa gaɓar farko ta saiwa, kuma har yau haka kalmomin gado suke: FAther, WAter, BROtherhood. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, dubban kalmomin Faransanci suka shigo da nasu ƙarfin a ƙarshen kalma. Waɗanda suka daɗe a harshen sun mayar da ƙarfin gaba, kamar CIty da NAture, waɗanda suka shigo daga baya kuwa sun riƙe nasu, kamar maCHINE, poLICE da hoTEL.

A ƙarni na 16 da na 17 malamai da masu fassara suka ɗebo kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci, har wasu marubutan zamanin suka riƙa yi musu ba'a da cewa kalmomin kwalbar tawada ne. Da su ne dokar ƙarfafawa ta Latin ta sami gindin zama. Dokar ta ce a duba gaɓa ta biyu daga ƙarshe: idan mai nauyi ce, wato tana da dogon wasali ko ta rufe da baƙi, ita za a ƙarfafa, idan marar nauyi ce sai a koma ta uku daga ƙarshe. Da wannan ake bayyana aROma da aGENda a gefe ɗaya, da CInema, aMErica da aNAlysis a ɗaya gefen. Noam Chomsky da Morris Halle sun gina babban ɓangare na littafinsu The Sound Pattern of English na 1968 a kan irin wannan doka. Tana aiki ga sunaye masu yawa, amma togaciyarta ba kaɗan ba ce: CHAracter, CAlendar da MInister duk sun saɓa mata.

Wurin ƙarfin yana kuma sauyawa da zamani. Har zuwa farkon ƙarni na 19 ana ƙarfafa gaɓa ta biyu a balcony, kamar yadda take a Italiyanci, kafin a mayar da ƙarfin gaɓar farko.

Tasirin ɗafa-ƙeya

Ga mai son sanin furucin doguwar kalma, ƙarshenta ya fi farkonta amfani. Ɗafa-ƙeya na Turanci sun kasu gida uku dangane da ƙarfafawa.

Na farko su ne waɗanda ba sa taɓa ƙarfin saiwa, kuma yawancinsu na gado ne: -ness, -less, -ful, -ly, -hood, -ship, -er da -ing. Ko an jera su ƙarfin ba ya motsi, kamar a CARE, CAREless, CARElessness. Ana saka -ment da -able a wannan rukuni duk da cewa aro ne, sai dai -able tana da 'yan kalmomin da ta janye ƙarfin baya, irin su ADmirable daga adMIRE da PREferable daga preFER.

Na biyu su ne masu ɗaukar ƙarfin a kansu, kusan dukkansu daga Faransanci: -ee, -eer, -ese, -esque, -ette da -aire, kamar a refuGEE, engiNEER, JapaNESE da millioNAIRE.

Rukuni na uku shi ya fi yawa a dogayen kalmomi, kuma shi ne mai jawo ƙarfin zuwa gaɓar da ke gabansa kai tsaye. A ciki akwai -ic, -ical, -ity, -ion, -ial, -ious, -ian, -graphy da -logy. Misalin da aka fi kawowa a azuzuwa shi ne PHOtograph, phoTOgraphy, photoGRAphic, inda saiwa ɗaya ta ɗauki ƙarfi a wurare uku, wasulanta kuma suka sauya sauti kowane karo. Dokar -ion kusan ba ta da togaciya, shi ya sa eduCAtion, communiCAtion da internationaliZAtion duk suke da ƙarfi a gaɓa ta biyu daga ƙarshe komai tsawonsu. Ta -ic tana da 'yan kaɗan da aka sani: Arabic da Catholic da rhetoric da lunatic duk a gaɓar farko ake ƙarfafa su.

Aikatau masu gaɓa uku ko fiye da suka ƙare da -ate ko -fy sukan ɗauki ƙarfi a gaɓa ta uku daga ƙarshe, kamar Educate mai ƙarfi a farko, conGRAtulate da iDENtify. A Turancin da ake yi a Najeriya an saba jin ƙarfin irin waɗannan aikatau a gaɓar ƙarshe, kuma masu nazarin wannan karin harshe suna lissafa hakan cikin siffofinsa.

Wasu ɗafa-ƙeya na rukuni na uku suna gajarta wasalin saiwa ko da ƙarfin bai motsa ba. Dogon wasalin sane, serene da divine yana gajarcewa a sanity, serenity da divinity, kuma haka yake tsakanin nation da national. Rubutun Turanci yana ɓoye wannan sauyi domin harafin bai canza ba, abin da ke taimaka wa ido ya gane dangantakar kalmomin amma yake yaudarar baki.

Ɗafa-goshi da harɗaɗɗun kalmomi

Ɗafa-goshi ba su cika sauya wurin babban ƙarfi ba. Abin lura game da su shi ne bambancin na gado da na aro. Un- ta gado ba ta sauya siga a rubutu, amma in- ta Latin tana narkewa cikin baƙin da ke binta, ta zama im- a impossible, il- a illegal, ir- a irregular. A kalmomi masu gaɓa biyu da suka fara da ɗafa-goshin Latin, wurin ƙarfi yakan raba suna da aikatau: REcord da reCORD, PERmit da perMIT, OBject da obJECT.

Harɗaɗɗiyar kalma galibi tana ɗaukar ƙarfi a sashenta na farko, kuma da haka ake bambanta ta da yankin jimla. GREENhouse ɗakin renon tsirrai ne, green HOUSE kuwa gida ne mai koren launi. Kalmomin kimiyya da likitanci suna da nasu salon harɗawa, inda ake jera saiwoyin Girkanci ana haɗa su da wasalin o. Otorhinolaryngology, fannin likitancin kunne da hanci da maƙogwaro, saiwoyi uku ne na waɗannan sassan jiki da ɗafin da ke nufin ilimi.

Jerin ɗafi yana da tsari. Masu sauya ƙarfi sukan zauna kusa da saiwa, marasa sauyawa kuma daga waje, ra'ayin da Dorothy Siegel ta tsara a 1974. Wani lokaci kuma tsarin haɗawar ne ke raba ma'ana: unlockable tana iya nufin abin da ba ya kulluwa, idan an ɗora un- a kan lockable, ko abin da ake iya buɗewa, idan an ɗora -able a kan unlock.

Bambancin Birtaniya da Amurka

Kalmomin da suka ƙare da -ary, -ory da -ery suna riƙe cikakken wasali a Amurka, a Birtaniya kuma ana raunana shi ko a haɗiye shi, don haka secretary da dictionary sukan zama gaɓa huɗu a Amurka, uku a Ingila. Laboratory tana da ƙarfi a gaɓar farko a Amurka, a ta biyu a Birtaniya. A cikin Birtaniya kanta ana jayayya a kan controversy, wasu na ƙarfafa gaɓar farko wasu ta biyu, kuma ƙamus na furuci suna kawo duka biyun.

Kalmomin da suka shahara da tsawo

Antidisestablishmentarianism, mai haruffa 28 da gaɓa 12, ita aka fi kawowa a makarantu, kuma ta dace da koyarwa domin kowane sashenta yana da aiki. Saiwar ita ce establish, wato kafawa. Dis- ta juya ta zuwa rushe kafuwar, -ment ta mayar da ita suna, anti- ta kawo adawa da hakan, -arian ta nuna mai wannan ra'ayi, -ism kuma ta ba da sunan aƙidar. Ma'anarta ita ce adawa da raba Cocin Ingila da matsayinsa na cocin hukuma, muhawarar da ta yi zafi a ƙarni na 19. An zartar da irin wannan rabuwa a Ayalan da dokar 1869 a zamanin Firayim Minista William Gladstone, a yankin Wales kuma a 1920. Babban ƙarfin kalmar yana kan tar, domin -arian ce ta ja shi can, -ism kuma ba ta motsa shi ba.

Floccinaucinihilipilification, mai haruffa 29, tana nufin ɗaukar abu a matsayin marar daraja. An harɗa ta don raha daga kalmomin Latin huɗu masu ma'anar abu ƙanƙani ko banza, kuma an fara ganinta a rubuce a 1741 a wata wasiƙar William Shenstone. Pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, mai haruffa 45 da gaɓa 19, ita ce mafi tsawo a manyan ƙamus na Turanci. Ana danganta ƙirƙirarta ga Everett M. Smith, shugaban wata ƙungiyar masu wasan ƙwaƙwalwa ta Amurka, a 1935, a matsayin sunan ciwon huhu da shaƙar ƙurar duwatsu ke jawowa. Likitoci ba sa amfani da ita, silicosis suke cewa. Akan kuma ambaci cikakken sunan sinadarin furotin da ake kira titin, mai haruffa 189,819, amma masu tsara ƙamus ba sa ɗaukarsa kalma, tunda jerin sunayen sinadaran da suka haɗu ne kawai.

A maganar yau da kullum masu harshen sun fi gutsure dogayen kalmomi. Laboratory ta zama lab, examination ta zama exam, refrigerator ta zama fridge, influenza kuma ta zama flu, wadda aka ciro daga gaɓar da ba ita ke ɗauke da ƙarfi ba. Masu rubuta manhajar kwamfuta suna taƙaita internationalization da i18n, inda lambar ke nuna haruffa 18 da ke tsakanin na farko da na ƙarshe.